Tambaya da Amsa: Sanwici da Mitfai a Zafin Zariya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da ɗan ƙaramin gidan burodi a Samaru, inda nake sayar da kek, donot, fanke, samosa da mitfai, kuma a bana na ƙara da sanwicin ƙwai da na kaza saboda ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello da ke zuwa cin abincin rana. Nakan haɗa komai da misalin ƙarfe bakwai na safe, in jera a akwatin gilashi mai ƙwan fitila, a yi ta saye har la'asar. Kwanan baya wasu suka ce mini sun yi amai da murɗawar ciki jim kaɗan bayan sun ci sanwicin kaza, alhali ko wari bai yi ba. Wata ƙawata ta ce laifin mayonis ne. Ina matsalar take, kuma yaya zan yi, ga shi wutar lantarki ba ta zama?
Wata mai karatu, Samaru, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya yi wa sana'a albarka, kuma na yaba miki da kika ɗauki kukan masu saye da muhimmanci, domin da yawa sukan kau da kai ne kawai. Ga dukkan alamu matsalarki tana cikin sa'o'in da sanwicin ke ɗauka a ajiye, da kuma irin ɗumin da yake zama a ciki. Mayonis na kwalba da ake sayarwa a kanti yana da tsami, kuma tsamin nan yana hana ƙwayoyin cuta sakewa, saboda haka ba kasafai yake zama tushen matsala ba. Abin da ke lalacewa shi ne kazar da aka dafa aka yayyaga da hannu, da dafaffen ƙwai, da ganyen da aka yanka.

Ka'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa ba ta da wuyar riƙewa: dafaffen abinci kada ya wuce sa'a 2 a ajiye a fili, mai sanyi ya zauna ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Salshiyas, mai zafi kuma sama da digiri 60. Tsakanin waɗannan biyun ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, har wasunsu kan ninka yawansu cikin kimanin minti 20. To, ki duba akwatin gilashin nan naki da tsakar rana. Ƙwan fitilar da ke ciki ba ya kai abinci digiri 60, ɗumi kawai yake ba shi, kuma idan kika ga gumi ya taru a jikin gilashin, ledar da aka naɗe sanwicin ta yi raɓa daga ciki, burodin ya fara laushi ta ƙasa, to an haɗa wa ƙwayoyin cuta ɗumi da laima a wuri guda. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Zariya kan haura digiri 35, ko sa'a biyun ma ta yi yawa, gara a tsaya a sa'a ɗaya.

Saurin da ciwon ya yi wajen bayyana yana nuni ga wata ƙwayar cuta da ake kira Staphylococcus aureus, wadda ke zaune a fata da cikin hancin mutane masu ƙoshin lafiya, ta kuma shiga abinci ta hannun mai haɗawa. Idan ta sami lokaci sai ta saki guba, alamunta kuma sukan fito tsakanin minti 30 zuwa sa'a 8. Abin da ya fi damuna game da ita shi ne ba ta canza wari ko ɗanɗano, kuma ɗumama abinci ba ya kashe gubar. Don haka al'adar mayar da mitfan jiya cikin obin a sayar da shi yau ba kariya ba ce ko kaɗan, idan ya riga ya yini a ɗumi.

Shawarata ita ce ki daina haɗa sanwici da safe gaba ɗaya. Ki dafa kaza da ƙwai, ki huce su da wuri, ki zuba kowanne a robarsa mai murfi, ki sa a firji, idan kuma babu wuta ki sa a kula mai cike da ƙanƙara. Burodi ya zauna dabam a bushe. Sai mai saye ya zo a haɗa masa a gabansa, da cokali ko wani abin ɗaukar abinci, wanda ba zai ɗauki fiye da 'yan mintuna ba, kuma za ki ga cewa ɗanɗanon ma ya fi, tun da tumatir bai jiƙa burodin ba. Wanda ke karɓar kuɗi kada ya taɓa abinci, mai rauni a yatsa kuma ya huta har ya warke. Latas, kabeji da kokwamba, waɗanda akasari daga lambunan rani na bakin rafi suke zuwa, a wanke su ganye-ganye da ruwa mai tsabta, a kuma ware musu katako da wuƙar da ba a yanka ɗanyen nama da su.

Mitfai da samosa kuwa ki raba gashinsu da suyarsu gida biyu, wasu da hantsi, wasu dab da azahar, gwargwadon cinikin da kika saba gani. Kek mara kirim, donot, cincin da fanke ba su da wannan hatsarin sosai, su ne suka dace da akwatin gilashi. Na san ƙanƙara da kunna obin sau biyu ƙarin kuɗi ne a wannan hali na tsadar fulawa da gas, amma unguwar ɗalibai wuri ne da labari ke yaɗuwa cikin yini guda, kuma asarar amana ta fi wannan tsada nesa ba kusa ba.

TAMBAYA: Ni ma'aikaci ne a unguwar Kongo da ke Zariya, kuma kusan kullum abincin ranata mitfai biyu ne da lemon kwalba. Likita ya ce ina da hawan jini. Ko in ci gaba?
Wani mai karatu, Tudun Wada, Zariya

AMSA: Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ba na ganin ya dace ka mayar da wannan cimar kullum. Ɓawon mitfai fulawa ce da bota mai yawa, cikinsa kuma akwai gishiri da dunƙulen ɗanɗano, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Ka nemi a haɗa maka sanwicin dafaffen ƙwai ko na kaza a gabanka, a yawaita ganye, a rage mayonis, a bar naman gwangwani da sosej, ka kuma maye gurbin lemon da ruwa ko zoɓo mara sukari da yawa. Mitfan ya zama na marmari, sau ɗaya a mako, maganin da likita ya rubuta maka kuma kada ka yi wasa da shi.