Tambaya da Amsa: Muna so mu kai yara hutun jirgin ruwa a gaɓar tekun Norway

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Ni da maigidana mun fi shekara biyu muna tara kuɗi saboda mu kai yara hutu a jirgin ruwa a ƙasar Norway, irin wanda ake kwana a ciki yana ratsawa tsakanin duwatsu ɗin nan. Yaran uku ne, babbar shekararta 13, mai bi mata 9, auta kuma 4, sannan surukata ma za ta bi mu kuma tana fama da gwiwa. Toh matsalar shine shi maigida burinsa ya ga koren hasken nan da ke fitowa a sama da daddare, ni kuma ranar da ba ta faɗuwa nake son gani, su kuma yara ba abinda suke tambaya sai wurin wanka da wurin wasa. Ga tsoron amai, ga maganar sallah da abinci, ga auta da baya zama waje ɗaya, wallahi har mafarki nake ya faɗa ruwa. Ta ina za mu fara?

Maman yara uku

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya cika muku buri ya raya zuri'a. Bari in fara da abinda zai ɗan sosa ran maigida, gara ya ji tun yanzu kafin a biya kuɗin tikiti. Taura biyu ba ta taunuwa. Koren hasken da yake so sai sama ta yi duhu ake ganinsa, wato daga ƙarshen Satumba zuwa Maris, shi ma sai an dace babu gajimare, ita kuma ranar tsakar dare a garin Tromso da ke can arewacin ƙasar daga wajen 20 ga Mayu ne zuwa 22 ga Yuli, lokacin da duhu kwata-kwata babu shi. Kinga dole ɗaya ya haƙura. Kuma in don ta ni ne, da yaro ɗan shekara 4 da tsohuwa mai ciwon gwiwa, Yuni ko Yuli za ku je. Da sanyi teku ta fi hauka, tituna duk santsin ƙanƙara, kuma a Tromso ɗin rana ba ta ɓullowa sam daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu. Ku ajiye maganar koren hasken sai wata shekara ku je ku biyu.

Sai maganar jirgin kansa, kuma nan ne nake so ki natsu, don mutane da yawa a nan suke yin kuskure, suna jin jirgin Norway sai su ɗauka duk abu ɗaya ne.

Akwai jirgin gaɓa, wanda 'yan ƙasar suka daɗe suna hawa. Tun 1893 wani kyaftin mai suna Richard With ya fara wannan jigilar daga Trondheim zuwa Hammerfest, don kai wasiƙu da kaya da mutane garuruwan arewa da babu hanyar mota mai kyau a lokacin. Yanzu hanyar daga Bergen take tashi har Kirkenes kusa da iyakar Rasha, tashoshi 34, kwana shida a hanya zuwa, in da dawowa ne dare 11. Kamfanoni biyu ke yi, Hurtigruten da kuma Havila da ya shigo a 2021. Wannan jirgin har gobe yana sauke kaya da fasinjan gari, wata tashar minti goma sha biyar kacal zai tsaya ya wuce, wata kuma kamar Trondheim da Tromso a samu awa uku ko huɗu. Fasinjan 'yan ɗaruruwa ne, ba hayaniya, yawancinsu dattawa masu zama bakin taga da shayi, kuma babu wani katafaren wurin wasan yara ko wurin silalo cikin ruwa. Abin kallon yana waje, shine dalilin tafiyar gaba ɗaya.

Akwai kuma manyan jirage na shaƙatawa masu ɗaukar dubban mutane, su ne masu wurin wanka da ɗakin wasan yara da masu kula da su. Waɗannan yawanci daga Southampton a Ingila suke tashi ko Kiel da Hamburg a Jamus ko Kofenhagen, su yi mako guda su zaga kudu maso yamma, Stavanger, Olden, Flam, Geiranger, su koma. Yawancin na mako ɗaya ba sa haye layin Aktik, wato layin da sai an wuce shi can arewa ake ganin ranar da ba ta faɗuwa, don haka dare zai yi haske sosai amma ranar tana faɗuwa, burinki bai cika ba kenan. Sannan wanda ya tashi daga Ingila sai ya ratsa Tekun Arewa, yini guda cur ba abin gani sai ruwa, kuma in fasfonku mai buƙatar biza ne toh biza biyu kenan, ta Ingila daban, ta Shengen, wato ta rukunin ƙasashen Turai da Norway ke ciki, daban.

In kin tambaye ni, ni jirgin gaɓa nake so muku, amma ba duka kwana goma sha biyun ba. Ku hau daga Bergen ku sauka a Tromso, dare huɗu, sai ku dawo ta jirgin sama. Yaro ɗan shekara 4 ba zai jure kusan mako biyu a ƙaramin jirgi ba, ke ma kin sani. Amma a wannan dare huɗun kin samu kusan komai. Za ku tashi Bergen da yamma, ki yi ƙoƙari ku iso kwana ɗaya kafin nan, ku ga tsofaffin gidajen katako na Bryggen a bakin ruwa ku hau jirgin ƙasan Floibanen da ke hawa dutse a ga garin daga sama, yara na son shi sosai, sai dai ki riƙe rigar ruwa don Bergen ana ruwan sama fiye da kwana 200 a shekara. Washegari Alesund, garin da gobara ta cinye a 1904 aka sake gina shi da dutse da ado, kuma a watannin bazarar can jirgin kan shiga Geiranger. Wannan wajen ki tabbata yara suna sama ba suna kallon waya ba. 'Yan ƙasar suna ce wa irin wurin fiyod, wato lungun teku da ƙanƙara ta sassaƙe tun zamanin da, daga baya ruwan teku ya cika shi, dutse tsaye ƙyam dama da hagu, ruwa na zubowa daga ƙoli kamar an saki farin rawani, can sama ki hango tsofaffin gonaki maƙale a jikin dutsen da aka bari, ki rasa yadda mutum ya rayu a wurin da 'ya'yansa. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2005. Ni dai duk sanda na tuna wajen sai na yi tasbihi.

Rana ta uku Trondheim, ta huɗu da sassafe ku haye layin Aktik, akwai alama kamar ƙwallon duniya da aka kafa a kan wani ɗan tsibiri, ki tashi 'yar shekara 13 ta gani don ta karanta shi a makaranta. Da yamma ku shiga tsibiran Lofoten inda ake shanya kifi a kan dogayen katakai iska ta busar da shi ba gishiri, wanda ake fitarwa Italiya da Najeriya. Ta biyar kuna Tromso. Abin mamaki duk nisan nan arewa tashoshin ba sa daskarewa, saboda ruwan ɗumi da ke gangarowa daga can tekun Atlantika. Amma kar wannan ya yaudare ki ki ɗauko kayan zafi, a Yuli ma digiri 10 zuwa 15 ne a arewa, in jirgi na tafiya iskar saman bene kuwa har cikin ƙashi. Riga kan riga, hula, safar hannu, ga Hajiya surukarki kuma doguwar safa mai kauri saboda gwiwar.

Amai. Mafi yawan hanyar a bayan tsibirai take, ruwa kwance luf, amma akwai wurare kaɗan da jirgin ke fita fili, Stad da Hustadvika da Folda da Vestfjorden, kowanne 'yan awanni ne kuma ma'aikata kan sanar. Ki nemi ɗaki a tsakiyar jirgi a bene na ƙasa-ƙasa, nan ne ya fi ƙarancin rawa, kar a shiga waɗannan wuraren da yunwa ko da ƙoshi sosai, wanda zuciyarsa ta fara tashi ya fita ya sha iska ya zuba wa inda sama ta haɗu da ruwa ido, a ajiye waya da littafi. Citta na taimaka wa wasu. Maganin sha kuwa ki ga likita kafin tafiya ya faɗa miki wanda ya dace da auta da wanda ba zai yi karo da magungunan Hajiya ba, dan Allah kar ki saya da ka.

Tsoronki a kan auta ni ban ga laifinsa ba, uwa ce ke. Shingen jirgi dogo ne, yaro ba ya faɗawa yana tafiya kawai, haɗarin shine hawa kujera ko a ɗaga shi ya leƙa. Don haka kar ki ɗauki ɗaki mai baranda, mai taga ya isa, kuma doka ɗaya tun daga gida, ba mai fita waje sai hannunsa cikin na babba. Kar ki ɗora wa yayarsa tsaronsa, ita ma yarinya ce kallo zai ɗauke mata hankali. Kafin jirgi ya tashi ana yin bayanin ceto, dole ne ga kowa, ku je dukanku ki tambayi inda rigar ceto ta yara take da wajen taruwarku. Ɗaki kuma ku shida sai biyu, ki roƙi a baku maƙwabtan juna kusa da lifta.

Sallah kuwa, ku matafiya ne, akwai ƙasaru akwai haɗa azahar da la'asar, magariba da isha. A jirgi mutum ya yi a tsaye in zai iya, in igiyar ruwa ta yi ƙarfi ya zauna, alƙibla daga can kudu maso gabas take, kuma tunda jirgin na juyawa ki duba kamfas kafin kowace sallah. Inda abin ke rikita mutane shine bayan kun haye layin Aktik, ranar na nan a sama ƙarfe goma sha biyun dare, toh yaushe magariba? Malamai sun yi magana a kai, ana ƙaddara lokaci ne, wasu sun ce a bi gari mafi kusa da rana ke fitowa ta faɗi, wasu sun ce a bi lokacin Makka, kuma musulmin Tromso da ke da masallacin Alnor na Makka suke bi a irin waɗannan makonni. Maigida ya zauna da malaminku tun kafin tafiya ku tsayar da guda, ki rubuta lokutan a takarda, don manhajar waya a can rikicewa take yi. Barcin yara ma da agogo za ki bi, lokaci na yi a ja labule.

Abinci bai kai yadda kike tsoro ba, ƙasar kifi ce, ga ƙwai ga dankali ga burodi da cuku. Ki sanar da kamfanin a rubuce tun wajen sayen tikiti cewa ba kwa cin alade ba kwa son abinda aka dafa da giya, ki riƙe kalma biyu, svin alade ne, skinke kuma yankakken naman alade da ake jerawa da safe. Ruwan famfonsu ana sha.

Kuɗinsu krone ne ba yuro ba, kati ake amfani da shi kusan ko ina, kuma ƙasar akwai tsada, musamman yawon da ake shiryawa in an sauka tasha, wanda ba ya cikin kuɗin tikiti, ku shida kuwa nan da nan zai cinye aljihu. Ku zaɓi ɗaya ko biyu da ba tafiyar ƙafa sosai saboda Hajiya. Mai neman bizar Shengen sai da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, ki tabbata ta rufe ciwon da Hajiya ke da shi tun da. Kuma in kun sauka gari ku dawo da wuri, jirgin gaɓa ba ya jiran kowa.

TAMBAYA

Anti barka da aiki. Matata na da ciki, zuwa lokacin da muke son tafiya zai kai wata shida. Za a bar ta ta hau?

Mai jiran ɗan fari

AMSA

Ɗan'uwa Allah ya sauke ta lafiya. Yawancin manyan kamfanonin jiragen shaƙatawa ba sa ɗaukar mai cikin da zai shiga mako 24 kafin a gama tafiyar, wata shida kuwa ya riga ya taka wannan iyakar, saboda ɗan asibitin cikin jirgi ba shi da kayan kula da bakwaini. Jariri ma galibi sai ya kai wata shida suke karɓarsa. Ko da ka samu kamfanin da ya yarda, ni ban so maka ba, ka ɗaga tafiyar, in kuma ka riga ka biya ka rubuta musu yau ɗin nan tare da takardar likita ka nemi a canza muku rana.