Tambayi Likita: Amosanin Kai da Asalin Sunansa na Turanci

Tambaya: Likita, a jikin kwalbar sabulun wanke kai nake ganin an rubuta "dandruff". Shi ne amosani? Daga ina kalmar ta fito? Ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Shi ne, ɗana. Kalmar ta fara bayyana a rubuce a Ingila wajen 1545. Rabinta na farko, "dand", har yau masana harshe ba su daddale asalinsa ba. Na ƙarshen kuwa ana danganta shi da "hrufa", wato ɓawon gyambo a tsohon harshen mutanen arewacin Turai. Tun kafin ita mutanen Ingila suna da "scurf", sunan duk ɓawon da fata ke zubarwa. Ni dai sunan da likitocin zamanin da suka sa masa ya fi burge ni, domin dusa suka kira shi. Rumawa suka ce "furfur", Girkawa suka ciro nasu daga "pituron", duka biyun dusa ke nan, kuma duk wanda ya taɓa kakkaɓe kafaɗar baƙar riga zai gaskata su. A 1874 wani masanin Faransa, Malassez, ya gano wata ƙwayar halitta dangin yis a cikin wannan dusa. Sunansa aka laƙaba mata, Malassezia.

Tambaya: Duk na yi kitso sai in shafe fatar kaina da mai, amma amosanin ƙaruwa yake yi. Matar aure daga Maraɗi.

Amsa: 'Yar'uwa, ƙwayar nan da na ambata maiƙo ne abincinta. Tana kan kowa, sai dai fatar wasu ba ta jure ta. Fatar da ya kamata ta sabunta cikin kusan wata guda sai ta yi hakan cikin mako, ta riƙa zubowa. Man da kike shafawa kwantar da dusar kawai yake yi, ita kuma ƙwayar ta samu ci. Ki mayar da man kan gashi, ki bar fatar. Ki nemi sabulun wanke kai mai ketoconazole ko selenium sulfide, sau biyu a mako har wata guda, ki bar kumfar minti 5 kafin ki ɗauraye. Kitson ma kada ya daɗe kai bai ga ruwa ba. Amosani ba ƙazanta ba ne, kuma ba ya yaɗuwa.

Tambaya: Ɗana mai shekara 6 yana da amosani wuri guda, gashin wurin ya zube. Wata uwa daga Kumasi.

Amsa: Maman yaro, wannan ya fi kama da makero, domin amosani bai cika kama yara kafin balaga ba. Shi makero yana yaɗuwa ta aska, mataji da hula, kuma shafe-shafe ba ya kashe shi, sai maganin sha na makonni. Ki kai shi asibiti cikin makon nan, a duba kan 'yan'uwansa ma.