Motar marigayi: a riƙe ko a sayar?

Ɗana, na ga saƙonka. Kana tambaya ko al'ada ta yarda a sayar da Peugeot 504 ɗin mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ka sayi Corolla ta zirga-zirga, ko kuwa abin kunya ne motar uba ta bar gida.

Babu wata al'adarmu da ta hana. Abin da ɗa kan ajiye don tunawa shi ne rawani, carbi, Alƙur'anin da uban ke karatu da shi, kuma ko su sai da yardar sauran magada. Mota dukiyar gado ce. Mahaifiyarka na da tumuninta a ciki, ƙannenka mata na da rabonsu. In kana sonta, a yi mata kuɗi, ka biya kowa haƙƙinsa. Masu cewa abin kunya ne, ko lita ɗaya ba za su zuba maka ba.

Sai lissafi. Ni ba na raina 504. Tun 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, Kaduna kuma ta ci gaba da harhaɗa ta shekaru da yawa bayan Turawa sun daina, shi ya sa har gobe in ka tsallaka Yola ko Mubi ba ka rasa kayan gyaranta, ko da na hannu ne. Ba ta da kwamfuta, bakanike na gyara ta a gindin bishiya. Amma tsofaffin da suka san kafiretarta a nan Garwa ta Kamaru suna ƙarewa, yaran gareji na yanzu Toyota suka buɗe ido suka gani. Ga shan mai. Lokacin da man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigo da shi daga Najeriya ta bayan fage ana sayarwa a kwalba, ke araha ba wanda ya damu, amma tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023 kowa ya san abin da kwalba ta koma. Sannan ko tana tsaye tana ci: batir ya mutu, taya ta tsage da zafin bazara, robobi su bushe, tsatsa ta kama ƙasanta da damina. Inshora da binyet, wato harajin mota na shekara, kuwa ba ruwansu da tsufanta.

Corolla kullum darajarta raguwa take, wannan gaskiya ne, 504 kuwa ta riga ta gama faɗuwa. Sai dai kada ka ruɗu da labarin masu tara tsofaffin motoci a Turai. Wa zai ba ka wannan kuɗin a nan? Kai da ke kai yara makaranta kowace safiya, motar da za ta tashi da makulli ɗaya kake bukata.

Ra'ayina, a sayar, sai fa in aljihunka zai ɗauki mota biyu, ni kuma na san albashinka. Ka zo ranar Juma'a bayan masallaci da takardunta, mu kira dillalai biyu su yi mata kuɗi a gaban mahaifiyarka. Ka gaida iyali.

Baffanka