Shirin Ilimin Bai-Ɗaya: Ina Aka Kwana?

Tambaya: Malam, an ce karatu kyauta ne a Najeriya, to me ya sa yara suka cika tituna?

Amsa: Gaskiya ne, domin bayan Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin a Sakkwato a 1999, dokar 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta, kuma an gina azuzuwa da dama. Sai dai hukumar UBEC, wadda ke kula da shirin a matakin tarayya, ba ta sakin kuɗi sai jiha ta zuba nata kason, wasu jihohin kuwa suna jan ƙafa, abin da ke da ban takaici ƙwarai. Ga shi uba talaka ne ke sayen littattafai da kayan makaranta, alhali ɗansa yana zaune a ƙasa cikin ajin da ya cika maƙil.