Tambayoyinku kan Fasaha: Ɗan wasana ya fi gudu a karkace

Tambaya: Malam, ina haɗa ƙaramin gem, wato wasan kwamfuta, da yaren rubuta manhaja na JavaScript. In na danna maɓallin dama kaɗai ɗan wasan yana tafiya daidai, amma in na haɗa dama da sama sai ya zura kamar mai adaidaita sahu ya hango fasinja. Wani ɗalibi daga Kabuga.

Amsa: Ba aljanu ba ne, ɗan'uwa, lissafin da ka yi barci a ajinsa ne. Tafiyar ɗan wasanka bekta ce, wato kibiya mai tsawo da alƙibla, ana rubuta ta (x, y): x tafiyar gefe, y tafiyar sama. Dama kaɗai (1, 0) ce, tsawonta 1. Dama da sama (1, 1) ce, tsawonta 1.414. Ka ƙara masa gudu da kashi 41 cikin ɗari da hannunka.

Ga gyaran. Nemo tsawon da Math.hypot(x, y), raba tsawon da kake so da shi, sai ka ninka x da y da abin da ya fito. Ɗauki (3, 4), tsawonta 5. Kana son 10, to 10 raba 5 ya ba ka 2, ta koma (6, 8). Alƙibla ba ta motsa ba, tunda lamba ɗaya ce ta ninka su duka.

Sai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kowa ya kwafi wannan lissafi, ba mai tambayar me zai faru in an saki maɓallai. Bektar ta zama (0, 0), tsawonta sifili, kai kuma ka raba da shi. Python, wani yaren rubuta manhaja, za ta tsaya ta yi maka ihu. JavaScript kuwa shiru za ta yi, ta miƙa maka NaN, wato "ba lamba ba", ita kuma duk lambar da ta taɓa sai ta ɓata ta. Matsayin ɗan wasan ya zama NaN, ya ɓace daga allo, ka kwana kana zagin kwamfuta. Kibiyar da ba ta da tsawo ba ta da alƙiblar da za a kiyaye. Ka duba tukuna: in tsawon bai kai 0.000001 ba, ka bar ta (0, 0). Kuma kada tsawon da kake so ya zo da alamar ɗebewa, baya zai juya.

Tambaya: Na rage hotona don cike fom, fuskata ta baje kamar gurasa. Wata mai karatu daga Gwammaja.

Amsa: Hajiya, tsawo kaɗai kika taɓa. Hoto mai faɗi 1200 da tsawo 1600, in tsawon zai koma 400, faɗin 300 ne. Ja shi ta kusurwa, ki daina ja ta gefe.