Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Jirgin Fito Ke Hayaƙi Alhali Yana Tsaye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ji cewa wasu ƙasashe na shirin tilasta wa jiragen fito su riƙa jona wutar lantarki daga tudu idan sun tsaya a tasha. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, jirgin da ke ɗaure ba ya tafiya, wane hayaƙi kuma yake fitarwa? In kuwa maganin abin jona waya ne kawai, me ya hana a yi tun tuni? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam, malam. Gaskiya ne idan jirgi ya tsaya ana kashe babban injin da ke tura shi, amma ƙananan injinan da ke ba shi wuta ba sa hutawa, domin fitilu da na'urorin sanyaya ɗaki da firji da famfuna da manyan fankokin da ke fitar da hayaƙin motoci daga cikin jirgin duk suna buƙatar lantarki. Waɗannan injina man dizal suke sha, kuma hayaƙinsu na ɗauke da sinadaran sulfa da naitirojin da wata ƙura mai laushi wadda ido ba ya gani, wadda ke kutsawa can cikin huhu ta tsananta asma da ciwon zuciya. Abin da ya sa lamarin jiragen fito ya fi tsanani shi ne da yawa daga cikin tashoshinsu a tsakiyar gari suke, saboda haka hayaƙin da ƙarar injin a kan gidajen mutane suke sauka, dare da rana.

Dabarar jona wuta daga tudu ba sabuwa ba ce. Tashar Gothenburg ta ƙasar Suwidin ta fara ba manyan jirage wuta mai ƙarfi a shekarar 2000, garin Juneau na jihar Alaska a Amurka ya bi sahu a 2001 da jiragen yawon buɗe ido, sannan a 2017 jiragen fito na kamfanin La Méridionale da ke zirga-zirga tsakanin birnin Marseille na ƙasar Faransa da tsibirin Kosika suka fara jonawa.

Sai dai aikin ya wuce jona waya. Babban jirgi yana jan wuta mai yawan gaske, a kan ƙarfin bolt 6,600 ko 11,000, don haka dole a kafa taransifoma a bakin ruwa, a shimfiɗa kebur mai kauri, a kuma samar da na'urar da za ta ɗaga shi ta miƙa wa jirgin, tana binsa yayin da ruwa ke cika ko janyewa. Akwai kuma wata matsala da mutane da yawa ba su sani ba: wutar Turai tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta jirage da dama kuwa sau 60, sai an saka na'urar daidaitawa mai tsada kafin su haɗu. Shi ma jirgin sai an yi masa gyara a ciki.

A nan ne aka daɗe ana kallon-kallo. Masu tasha suna cewa ba za su zuba kuɗi ba sai sun ga jiragen da za su jona, masu jirage kuma suna cewa ba za su gyara jirgi ba sai sun ga tashar da ke da wutar. Ga shi kuma man jiragen ruwa na ƙasa da ƙasa galibi ba a ɗora masa haraji, alhali lantarki na tudu yana da nasa, abin da ya sa ƙasashe irin su Suwidin da Jamus suka rage harajin wutar da ake sayar wa jirage. A ganina wannan jayayya ba ta da ƙarfi a kan jirgin fito, domin hanyarsa ɗaya ce, wurin tsayuwarsa ɗaya ne, kullum nan yake komawa, don haka kayan da aka kafa ba za su zauna banza ba. Doka ce dai ta raba gardama: Tarayyar Turai ta yanke cewa daga 2030 jiragen fasinja da na kwantena masu girman da ya haura tan 5,000 dole su jona wuta a manyan tashoshinta idan tsayuwarsu ta wuce awa biyu.

Ka lura da sharaɗin awa biyun nan, malam. Ƙaramin jirgin da ke sauke motoci ya kwashi wasu ya juya cikin 'yan mintuna ba zai amfana sosai ba, shi maganinsa batir ne. Jirgin Ampere na ƙasar Norwe, wanda ya fara aiki a 2015 tsakanin Lavik da Oppedal, da batir kaɗai yake tafiya, yana caji na kusan minti goma a kowane tsallake, kuma saboda layin wutar yankin ba shi da ƙarfi sai aka ajiye wasu batura a gaɓa suna tara wuta kafin ya iso.

Dangane da ɗumamar yanayi kuwa, ribar ta dogara ne ga inda wutar ta fito. A Norwe, inda mafi yawan lantarki daga madatsun ruwa yake, raguwar iskar kabon babba ce. Inda ake ƙona kwal don samar da wutar, mazauna bakin tasha za su shaƙi iska mai tsabta su kuma yi barci ba ƙara, amma wani kaso na hayaƙin ya koma can tashar samar da lantarki ne. Haka nan wasu jiragen suna ci gaba da hura tukunyar dafa ruwa da mai ko da sun jona, shi ya sa wani lokaci za ka ga ɗan hayaƙi na tashi daga jirgin da kebur ɗinsa ke jone.