Tambaya da Amsa: Sauya birkin waya zuwa birkin mai a tsohon babur ɗin ƙanƙara

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Manitoba ta Kanada, na sayi tsohon babur ɗin tafiya kan dusar ƙanƙara, ƙirar shekarun 1980. Birkinsa na waya ne, da sanyi ya tsananta sai ya ƙi kamawa. Zan iya mayar da shi birkin mai?

Amsa: Wa alaikumus salam.  Za ka iya, kuma aikin ya cancanci wahalarsa. Abin da ke damunka ruwa ne yake shiga rigar wayar ya daskare, ga shi waya tana miƙewa da tsufa.

Shawarata ɗaya: ka sayi masta (famfon da ke jikin hannun birki, mai tura mai) da kalifa (abin da ke matse faifan birki) daga jikin babur guda, ko da na gwanjo ne. Cikin kamfanonin waɗannan babura, Ski-Doo sun yi amfani da kayan birkin Brembo, Arctic Cat da na Wilwood, Polaris da na Hayes. Kada ka ɗauko masta nan, kalifa can. In fistin ɗin masta ya yi wa kalifa girma, hannun birki zai yi tauri amma kamu ba ƙarfi. In ya yi ƙanƙanta, sai hannun birki ya taɓo kan babur, wato ƙarfen tuƙi, kafin ya kama. Kan yawancin waɗannan babura kaurin milimita 22 ne, masta za ta zauna a hagu ba gardama.

Inda aikin yake shi ne mazaunin kalifa. Faifan birki yana kan shaf ɗin da ke shiga akwatin sarƙa, ramukan tsohon birki kuwa da wuya su dace da sabo. Fara yanka samfuri da kwali, sannan a yanko shi a farantin ƙarfe mai kaurin milimita 6, a ɗaure da noti mai lambar ƙarfi 8.8 ko 10.9 tare da gam ɗin noti, don girgiza tana kwance su. Auna kaurin faifanka ka tabbatar ya yi daidai da bakin kalifar. Sai ka duba: kalifa mai fistin ɗaya da aka ɗaure ƙam tana bukatar faifai mai zamewa a kan shaf, don haka goge tsatsar wurin. Mai fistin biyu masu fuskantar juna kuwa dole faifan ya zauna a tsakiyarta cif. Kuskure a nan ne ke cinye takalmin birki ɓangare ɗaya. Bakin fitar da iska ya kalli sama, in ba haka ba iska ba za ta taɓa fita duka ba.

Tiyo ya nisanci salansa, kuma ka juya kan babur dama da hagu har ƙarshe ka ga bai ɗame ba. Kowane notin tiyo yana son sababbin washa biyu na jan ƙarfe. Fitilar birki fa, ka sa makunni mai aiki da matsin mai.

Zuba irin man birkin da aka rubuta a murfin masta, DOT 3 ko DOT 4. Kada ka haɗa su da DOT 5, kada kuma man inji ya kusanci wurin, yana kumbura robobin ciki. Don fitar da iska, matsa hannun birki, buɗe bakin iska, rufe, sannan ka saki. Maimaita har kumfa ta ƙare. Daga nan ɗaga bayan babur a kan jak, tayar da inji, ka gwada kafin ka hau.

Tambaya: Malam, na riga na yi wannan canji, amma bayan ɗan tafiya birkin yana riƙewa da kansa, faifai ya yi zafi jau.

Amsa: Ka ajiye shi tukuna, wannan yana iya tayar da gobara. Galibi fistin ɗin masta ne ba ya komawa har ƙarshe, sai ya toshe ƙaramar kafar da mai ke bi ya koma tankin masta. Mai ya yi zafi ya buɗe, ba hanyar komawa, sai ya danna takalmi. Ka bar wa hannun birki ɗan wasa, rage man in ya cika maƙil, ka kuma tabbatar makullin fakin ba a danne yake ba. Tunda ka buɗe wurin, leƙa sarƙar cikin akwati: birkin ta cikinta yake bi ya tsayar da bel ɗin ƙasa da babur ke tafiya a kai, in ta tsinke sabuwar kalifa ba ta da abin riƙewa.